Idon Alƙali a Gidan da Bai Taɓa Shiga Ba

Ranar Juma'a 1 ga Nuwamba 2024 aka gurfanar da wasu yara a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, a jere da manya, bisa tuhumar cin amanar ƙasa. An kamo su ne a zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, yawancinsu daga Kano da Kaduna, suka yi kusan wata uku a tsare. Ana cikin zama huɗu daga cikin waɗanda ake tuhuma suka yanke jiki suka faɗi. Kowa ya ga hotunan a waya, yara sun rame sun ƙanjame, wasu suna wawar biskit a harabar kotu. Aka yanka wa kowanne belin naira miliyan 10. Sai da ƙasa ta ɗauki zafi sannan Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin a sake su.

Ƙannena, na fara da wannan ne saboda ku da kuke karatun aikin jin daɗin jama'a ko na lauya, da ku da aka miƙa wa takardar kama aiki a ma'aikatar mata da yara kuna ta murna. Abin da ya fi ƙona mini rai a lamarin nan shi ne, dokar da ta hana a yi wa yaro haka ta shekara 21 a rubuce kafin ranar. Tsakanin kamu da faɗuwa a gaban alƙali, yaran nan sun bi ta hannun mutane da yawa masu karɓar albashi. Kowanne ya sa hannu ya tura gaba. Wanda aka rasa shi ne mutumin da zai tsaya ya ce, “Yaro, shekarunka nawa? Ina iyayenka? Ka ci abinci?” ya rubuta amsar, ya kai ta inda ya dace, gobe ya sake komawa ko an kore shi jiya. Gurbin mutumin nan kuke nema, ko kun sani ko ba ku sani ba.

Ku fara da sanin dokar da kuke tsaye a kanta. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 a shekarar 1991, sannan a 2003 Shugaba Obasanjo ya sa hannu a Dokar Haƙƙin Yara. Sashenta na farko ya ɗora komai a kan abu ɗaya: duk hukuncin da ya shafi yaro, maslaharsa ce a gaba. Yaro kuwa a dokar shi ne wanda bai kai 18 ba. Amma da yake sha'anin yara a tsarin mulkinmu na jihohi ne, dokar tarayya ba ta wuce Abuja ba sai jiha ta yi tata. A Arewa an daɗe ana kai ruwa rana a kanta, musamman kan shekarun aure da batun mayar da ɗan wani naka. Kaduna ta yi tata a 2018. Kano kuwa sai watan Mayun 2023, Gwamna Ganduje na dab da sauka, ya sa hannu. Jihohinmu da dama sun yi wa dokar kwaskwarima don ta dace da shari'ar Musulunci, saboda haka kada ka haddace ta tarayya ka shiga kotu a Zariya ko Birnin Kudu kana zuba. Nemi ta jiharka, ka buga ta a takarda, ka karanta da biro a hannu.

Sashe na 149 na dokar tarayya ne ya kafa kotun iyali, a matakin majistare da na babbar kotu. An tsara ta daban da kotun da kuka saba gani. Alƙali yana zama da mataimaka biyu masu sanin halin yara. Ba a buɗe ƙofa ga 'yan kallo, ba a buga sunan yaro ko hotonsa, kuma ana so a yi zaman cikin yanayin da yaro zai iya buɗe baki. Wannan a takarda ke nan. A ƙasa za ku tarar a wurare da yawa majistaren da ya gama shari'ar ɓarawon babur ne zai ce a fitar da mutane, a shigo da yarinya 'yar shekara takwas, a ɗaki ɗaya, a kan benci ɗaya. Za kuma ku tarar rigimar riƙon 'ya'ya bayan saki galibi kotun shari'ar Musulunci ake kai ta, ba ta ma biyo ta kotun iyali. Duk kotun da aka je, abu ɗaya ba ya canjawa: alƙali bai taɓa shiga gidan da yaron nan yake kwana ba, kuma ba zai shiga ba. Kai ne za ka shiga. Abin da ka gani ka rubuta, da shi zai yanke inda yaro zai kwana shekara goma masu zuwa.

A nan nake so mu daɗe, don a nan aikin yake.

A ce an turo ka binciken wata yarinya 'yar riƙo da maƙwabta suka kai ƙara ana azabtar da ita. In ka aika cewa kana tafe ranar Talata, za ka tarar an share tsakar gida, an yi mata kitso, an sa mata atamfar salla, an kawo maka lemo mai sanyi. Uwar riƙon za ta ce, “Wallahi ranka ya daɗe ban bambanta ta da 'ya'yan cikina ba.” Karɓi gaisuwa da mutunci, amma idonka ya yi aiki. Ka ce a nuna maka inda take kwana. In 'ya'yan gida suna kan katifa a ɗaki, ita kuma tabarmarta na naɗe a bayan ƙofar kicin kusa da buhun gawayi, ka ga abu. Ka ce ta kawo jakar makarantarta, ka buɗe littafin, ka duba ranar da malami ya yi maki na ƙarshe. Dubi tafin hannunta da tsakanin yatsunta, hannun da ya wuni cikin ruwan omo ba ya ɓuya. Lura da wanda take kallo kafin ta amsa tambaya. Sannan ka sake dawowa wata ranar ba sanarwa, da hantsi, lokacin da sa'o'inta suke aji.

Sai rubutu. Kada ka rubuta “ana zaluntar yarinyar.” Wannan hukunci ne, hukunci kuwa na alƙali ne. Rubuta cewa ranar kaza da ƙarfe kaza ka ga tabo uku dogaye a bayanta, biyu sun bushe ɗaya ɗanye. Uwar riƙo ta ce faɗuwa ta yi. Yarinyar ta ce wayar caja ce. Likita ya duba ya ce kaza. Ka raba abin da idonka ya gani da abin da aka gaya maka da abin da kake zato, kowanne da wurinsa. Lauyan ɗaya ɓangaren zai tsaya ya yi maka tambayoyi a kan kowane layi, kuma haƙƙinsa ne. Rahoton da aka cika da “an ce” da “da alama” minti biyar ya ishe shi ya wargaza, yarinya ta koma inda ta fito, wannan karon kuma an san ta yi magana. Haka nan, in ka ga alheri a gidan ka rubuta shi. Uban da kake ganin mugu ne, in shi ke biyan kuɗin makaranta ba fashi, ka faɗa. Ranar da alƙali ya gane kana ɓoye abin da bai dace da ra'ayinka ba, ya daina yarda da takardarka, har a shari'ar da kake da gaskiya.

Magana da yaro ita ma sana'a ce da ake koya. An tarbiyyantar da 'ya'yanmu kada su kalli babba a ido, kada su musa masa. In ka ce, “Baffanki ne ya taɓa ki, ko?” za ta ce e don ta ga haka kake so, ka lalata shaida, wataƙila ma ka jefa marar laifi a masifa. Zauna ƙasa daidai tsayinta, a inda wanda ake zargi ba ya ji ba ya gani, ka ce, “Gaya mini abin da ya faru,” ka yi shiru. Shirun zai yi tsawo har ka ƙagu. Ka daure. Kada ka yi mata alkawarin ba wanda zai ji, don ƙarya ne, alƙali zai ji. Gaya mata su wa za su ji da dalilin jinsu. Kuma ku yi ƙoƙari kada a sa yaro ya maimaita labarin a caji ofis, ya maimaita a asibiti, a ofishinku, a gidan mai unguwa, a gaban 'yan jarida. Kowace maimaitawa fami ce. In yarinya ce kuma abin ya shafi jikinta, mace ta yi mata tambayar. Ƙannena mata, shi ya sa aikin nan yake matuƙar buƙatarku.

Yanzu ga babbar jarrabawa, wadda ba a koyar da ita a aji. Mu mutane ne masu son sulhu da rufin asiri, kuma a mafi yawan lokuta wannan alheri ne. Rigimar kuɗin ciyarwa, ranar da uba zai ga 'ya'yansa, wa zai biya kuɗin makaranta, yaron da ya gudu gidan kakarsa don an yi masa faɗa, duk waɗannan zama da liman da mai unguwa da dattawan dangi ya fi sammaci amfani nesa ba kusa ba. Hisba da zaurukan sulhu suna kashe irin wannan wuta kullum, ku yi aiki da su, kada ku raina su don kuna da digiri. Amma akwai ranar da za a kawo yarinya 'yar shekara shida an yi mata fyaɗe, wanda ya yi kuma ɗan gida ne ko maƙwabci. Kafin la'asar dattawa sun cika ofis. Za a ce, “Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.” Za a ce, “In maganar nan ta fita wa zai aure ta?” Za a ce an riga an yi magana, zai biya kuɗin magani, a bar wa Allah. Wani lokaci uwar da ta kawo ƙara da safe tana kuka ita ce za ta dawo da yamma tana roƙon a janye, don an ce mata a bakin aurenta.

Kada ka ɗaga musu murya, iyayenka ne. Ka tashi ka ba su kujera, ka saurare su har su gama. Sannan ka ce, “Baba, ku yi haƙuri, wannan ta fi ƙarfina. Laifi ne tsakaninsa da hukuma, ba ni da ikon yafe shi, ku ma ba ku da shi.” Asirin da ake so a rufa na babba ne. Yarinyar za ta ci gaba da ganinsa a zaure kowace safiya, ƙannenta ma suna nan suna tasowa. Kuma kafin a zauna kowace irin muhawara, a kai ta asibiti. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki, shaidar likita ma kwana take yi ta ɓace. Akwai cibiyoyin da aka buɗe don wannan, irin su Waraka a Kano, Salama a Kaduna, da Nana Khadija a Sakkwato. Lambar wayar wadda ta fi kusa da kai ta kasance a wayarka tun ranar da ka kama aiki. Uwar kuma kada ka tsane ta don ta ja da baya. Nemo mata wanda zai tsaya mata cikin danginta, da lauyoyi mata na ƙungiyar FIDA ko Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi, waɗanda ba sa karɓar kuɗin talaka.

Batun riƙon 'ya'ya bayan rabuwar aure kuma, ku karanta fikihu, ko da a boko kuka tashi. Al'adarmu ta saba uba ya karɓe ɗansa da an yaye shi, har mutane suna zaton addini ne ya ce haka. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu suke bi, uwa ce ta fi cancanta da reno: namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In uwar ta auri wani bare, renon ya koma wajen mahaifiyarta, sannan 'yan'uwanta mata, ciyarwa kuma tana wuyan uba duk inda yaron yake. Yana nan a Risala ta Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukanmu. Jami'in da ya san wannan zai iya zama da uban da ya kafe ya yi masa magana da harshen da yake girmamawa. Wanda bai sani ba sai ya dinga kiran sunan Majalisar Ɗinkin Duniya, a ce masa ɗan kwangilar Turawa, a rufe ƙofa. Haka batun tsintacce da maraya: Musulunci ya hana a canja wa yaro nasaba, amma ya kwaɗaitar da ɗaukar nauyinsa, ita kanta yarjejeniyar 1989 ta ambaci kafala da sunanta.

Ga wani gargaɗi ta ɗaya gefen, don sabon ma'aikaci mai zafin zuciya ya fi faɗawa nan. Talauci ba laifi ba ne. Za ka shiga gida ka ga yara bakwai a ɗaki ɗaya, ba takalmi, babbar tana tallan gyaɗa, zuciyarka ta ce kwashe su. Ka kai su ina? Je ka ga gidajen marayu da gidajen ajiye yara na gwamnati da idonka, ka ƙirga masu reno ka ƙirga yara, kafin ka rubuta a raba wani da uwarsa. Uwar da ba ta da abin dafawa jari take buƙata da makarantar da ba za a koro 'ya'yanta ba. In har zama a gidan ya zama haɗari, fara duba kaka, inna, gwaggo, kawu. Amma su ma a bincike su, a kuma dinga leƙawa, don da sunan riƙo ake kawo yara mata daga ƙauye a raba su gidaje aikatau, dillaliya tana karɓe kuɗin a ƙarshen wata. Ku tuna kuma a watan Satumban 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa, Kaduna, cikinsu har da ƙananan yara, wasu da sasari a ƙafa. Da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, don sun rasa yadda za su yi da ɗan da ya kangare ko ya faɗa shaye-shaye. Da sun san ofishin da za su je a saurare su, da wasu ba su kai can ba.

Yaron da ya yi laifi shi ma naka ne. Sashe na 221 na dokar tarayya ya hana a yanke wa yaro ɗauri a kurkuku, ko bulala, ko kisa, dokar kuma ta ba 'yan sanda da masu gabatar da ƙara damar kashe ƙananan laifuka ba tare da an kai gaban alƙali ba. Gidajen horon matasa na tarayya irin na Kakuri a Kaduna da na Ilorin da Abeokuta ba su isa ƙasa mai yawan Najeriya ba. Inda ake cutar yara shi ne wajen rubuta shekaru: ɗan 15 ya shiga caji ofis, a rubuta 19 don a huta, ya wayi gari a ɗaki ɗaya da 'yan fashi. Yawanci ba shi da takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya. To, nemo katin rigakafi, nemo rajistar firamare, tambayi uwarsa da wa ta yi goyo, wane gwamna ne a kan mulki. Awannin farko a caji ofis sun fi wata guda na zirga-zirgar kotu tasiri, don haka ku saba da jami'an sashen yara da mata na 'yan sanda tun kafin buƙata ta taso.

Waya kuma, ku ji tsoron Allah a kanta. Kada hoton yaron da ke hannunka ya hau Facebook ko TikTok, ko da niyyar neman masa taimako ne. Kuɗin zai ƙare cikin mako, hoton yana nan har ranar da za a zo neman aurenta. Labarin fayil ba na majalisar shayi ba ne, ba na ɗakin matarka ko mijinki ba ne; garuruwanmu ƙanana ne, ko ba ka faɗi suna ba za a gane.

Ba zan ɓoye muku ba, albashin ba shi da yawa, motar ofis in akwai ba mai, sau da yawa da kuɗin aljihunka za ka hau a-daidaita-sahu zuwa gidan da za a yi maka kallon mai raba zumunci. Ambulan zai zo, da sunan kuɗin mai ko goron Juma'a, daga hannun wanda yake da shari'a gobe. Mayar masa cikin fara'a, ka sanar da shugabanka a rubuce. Waya za ta zo daga wani babba a ce yaron wane ne, a sassauta. Ka ce to ranka ya daɗe, a turo umarnin a takarda. Da wuya a turo. Kada ka je gidan da ake zaman ɗar-ɗar kai kaɗai, kada namiji ya keɓe da yarinya a ofis ƙofa a rufe. Abin da za ku gani kuma zai bi ku gida, ya hana ku barci, wani ya koma zargin kowa har 'yan'uwansa, wani zuciyarsa ta bushe ya dinga kiran yara da lambar fayil. In ka ga alamar ɗaya daga cikin biyun a kanka, nemi na gaba da kai a aiki ku zauna, ka karɓi hutunka ba tare da jin kunya ba. Tun 2022 akwai dokar da ta kafa majalisar kula da sana'ar aikin jin daɗin jama'a a Najeriya. Ku yi rajista, ku shiga ƙungiyar ma'aikatan, don mai fuskantar matsin lamba shi kaɗai saurin karyewa yake yi.

Ranar da alƙali ya yanke hukunci lauyoyi za su naɗe rigunansu su tafi, dangi su watse, rajistara ya ɗaure fayil da zare. Kai a ranar za ka buɗe sabon shafi. An ce uba ya dinga ba da kuɗin ciyarwa duk wata: wata na biyu ka kira uwar ka ji ko ya kawo, in bai kawo ba ka nuna mata yadda ake komawa kotu. An mayar da yarinya wajen kakarta a ƙauye: bayan mako shida ka je, ka tambayi hedimasta ko tana zuwa aji, ka ga ko ta yi ƙiba ko ta rame, ka tabbata wanda aka raba ta da shi bai koma kai ziyara ba. In an yi maka canjin wurin aiki, kada ka bar wa magajinka tulin takardu a kwali. Ku zauna tare ku bi fayilolin ɗaya bayan ɗaya, ka gaya masa wace yarinya ce ba ta magana in akwai namiji a ɗaki, wane kawu ne abin dogaro, wace shari'a aka ɗage zuwa wane wata, sannan ka kai shi ya gaisa da masu unguwannin da kake aiki da su kafin ka miƙa makullin ofis.